Ban Taɓa Jin Zafin A Wuce Ni Ba

Abu uku aka yi ta faɗa da ni a kansu tun ina yaro har furfura ta fara fito mini a gemu: wurin kwanana kullum a hargitse, makin jarrabawa bai dame ni ba, kuma in wani ya wuce ni ko a jikina. A gidanmu an ɗauka cuta uku ce daban-daban, har aka raba aikin magance ta. Inna ta riƙe ta farko, Baba ya riƙe ta biyu, yayana ya ɗauki ta uku ba tare da kowa ya sa shi ba. Sai da na girma na zauna da kaina na gane cewa abu ɗaya ne yake fitowa ta ƙofa uku.

Ɗaki ɗaya muke kwana da Yaya. Uwa ɗaya uba ɗaya, makaranta ɗaya, faɗan da ake yi masa shi ake yi mini. Amma duk wanda ya shigo ɗakin ba sai ya tambayi ina ne gefen wane ba. Littattafansa a jere suke daga babba zuwa ƙarami, kowanne ya naɗe masa bango da takarda ya rubuta sunansa a kusurwar dama. Gefena kuwa, ga littafin lissafi a kife a shafin da na tsaya, ga safa ƙafa ɗaya, ga mataccen batir, ga murfin biro da na tattaune, ga cikin wata tsohuwar rediyo na baje a kan jarida. Yaya yakan tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu ya ce, "Kai wai wannan abin ba ya damun idonka?" In na ce a'a sai ya ɗauka raini ne. Wallahi gaskiya nake gaya masa. Idona yana ganin kayan sarai, sai dai babu abin da yake motsawa a ƙirjina. Shi kuwa littafi ɗaya in ya karkace ba zai iya ci gaba da karatu ba sai ya miƙe ya daidaita shi. Ina wanka, ina wanke kayana, ban taɓa barin abin da zai yi wari ba, amma a wurin Inna duk wannan bai wanke ni ba. Takan leƙo ta girgiza kai ta ce, "Ni ban san ta ina na kuskure tarbiyyar yaron nan ba."

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar Yaya ya yi mini alheri. Ya share gefena fes, ya jera littattafan, ya tattara duk sukurori da notinan rediyon nan ya zuba a gwangwani ɗaya ya rufe. Abin da bai sani ba, a kan jaridar nan kowane sukuru yana inda yake ne da dalili: na gefen hagu su na fara kwancewa, na tsakiya na allon ciki ne, ƙananan da ke kusa da bango na lasifika ne. Da ya haɗe su, sai hanyar komawa ta ɓace mini. Ranar na yi ihu har Inna ta shigo da gudu, don ba su taɓa jin muryata haka ba. Rediyon bai sake haɗuwa ba. Yaya ya tsaya yana kallona baki buɗe, wai yaron da aka wuce shi a aji bai ce uffan ba, shi ne yake kuka a kan sukuru.

Maganar aji kuwa, ranar karɓar sakamako ita ce ranar da gidanmu yake rabuwa biyu. Yaya tun daren ranar ba ya barci. Ni sau da yawa takardar tana kwana a jakata sai Baba ya tambaya. Matsayina kullum a tsakiya yake, ba can sama ba, ba can ƙasa ba, kuma malamai kamar sun haɗa baki a kan abin da suke rubutawa a ƙasan takardar: zai iya fin haka in ya ga dama. Baba yakan cire tabarau ya ajiye, ya dube ni ya ce, "Shi wanda ya yi na ɗaya kai biyu gare shi?" Nakan ce a'a Baba. Ya ce, "To me ya hana ka?" Ba ni da amsa, don in na faɗi gaskiya dukana zai yi. Gaskiyar ita ce, da zarar na gane yadda abu yake aiki, to a wurina an gama. In malamin kimiyya ya yi bayanin yadda wuta take bi ta waya, na koma gida na gwada da batir da ƙwan tocila na ga ya kama, sauran aikin, wato haddace ma'anar da kalmomin littafi da maimaita tambayoyin shekarun baya, sai ya zame mini ɗaukar kayan wani. Lambar da ake rubutawa da jan biro ba ta ƙara mini komai a kan abin da na riga na sani, ba ta kuma rage ba.

Baba ya taɓa gwada lallashi. Ya ce in na shiga ukun farko zai saya mini keke. Ina son keke, don haka na dage zango guda. Na matsa sama, ban kai ba, keken ya tafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan zangon shi ne, a lokacin ne kaɗai na ji darasin kimiyya ya gundure ni. Na daina buɗe littafin don in ga me ke shafi na gaba, na koma buɗe shi don keke. Shekaru da yawa bayan haka na ci karo da wani gwaji da Mark Lepper da abokan aikinsa suka wallafa a 1973. Sun ɗauki yara 'yan nazare a jami'ar Stanford da ke Amurka waɗanda da ma suna son zane da kansu. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu ba a yi musu alkawarin komai ba. Bayan 'yan kwanaki aka sake ajiye musu kayan zanen babu wata kyauta, sai waɗanda aka yi wa alkawari suka rage taɓa su. Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe ba ni kaɗai keke ya ɓata wa darasi ba.

Gasa ita ce ta fi ba Yaya haushi. A filin ƙwallo an daina zaɓena da wuri, ba don ban iya ba, sai don wata rana aka zura mana ƙwallo mai kyau daga nesa na tafa na ce, "Kai, wannan ta yi!" Abokan wasana suka kusa cinye ni. A kacici-kacicin makaranta kuma, in ɗaya ɓangaren ya kasa amsa tambaya, hankalina yana kan mene ne amsar, ba kan makin da zai dawo mana ba. Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Kai ba ka da zuciya ne? An ci ku kana murmushi?" Wannan maganar ta rashin zuciya ta bi ni shekaru. Har na fara zargin kaina, ko dai akwai abin da aka saka wa kowa ni aka manta. Nakan ga yaro ya zo na biyu yana kuka kamar an yi masa rasuwa, in yi ta lalube a cikina ko zan samo irin wannan zafin, in rasa. Abin da zan iya kwatantawa shi ne, kamar akwai wata ƙararrawa a cikin mutane da take kaɗawa in sun ga kaya a watse, ko maki ya yi ƙasa, ko wani ya sha gabansu, ni kuma tawa ba a haɗa mata waya ba.

Wani masanin halayyar ɗan Adam, Leon Festinger, ya rubuta tun 1954 cewa mutum in ba shi da ma'auni tsayayye, da sauran mutane yake auna kansa. Waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa wannan ɗabi'ar ba daidai take a kowa ba: wani ba ya iya sanin ko ya yi ƙoƙari sai ya leƙa takardar na kusa da shi, wani kuwa bai ma tuna akwai na kusa da shi ba. A nan na ga inda abubuwan ukun nan suka haɗu. Ɗaki a gyare, maki mai yawa da matsayin farko, duk abubuwa ne da ake gani daga waje a yanke maka hukunci da su. Ni kuma idon waje ba ya isowa inda nake jin daɗi ko ɓacin rai.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka fariya nake. Halin nan ya ci mini kuɗi da shekaru. Injiniya na so karanta a jami'a, makina ya gaza da ɗan kaɗan. Wasu da nake yi wa bayanin darasi a bayan aji suka shiga, ni na tafi kwalejin fasaha na koyi gyaran na'urorin asibiti. A lokacin ban ji komai ba, Baba ne ya yi kwana da kwanaki ba ya mini magana. Zafin ya zo daga baya, kuma ba zafin an fi ni ba ne. Zafin ƙofa ce da ta ƙi buɗuwa: akwai ayyukan da na san zan iya, akwai na'urorin da nake son in zauna a teburin da ake yanke shawara a kansu, amma takardar da ake nema ba ni da ita. Wani masani ɗan Ostareliya, Arthur Poropat, ya tattara bincike mai yawa a 2009 da ya shafi ɗalibai sama da 70,000, ya ga cewa a cikin halayen mutum, tsari da riƙon aiki shi ne ya fi tafiya da makin makaranta, kuma tasirinsa ba ya rataye a kan kaifin basira. Wato Yaya ba ƙwaƙwalwa ya fi ni ba, ni ma ban fi shi ba. Yana da abin da makaranta take biya, ni ba ni da shi.

Masu irin halina suna son kawo labarin Alexander Fleming, wanda ya tafi hutu a 1928 ya bar farantan gwajinsa a ɗakin bincikensa na asibitin St Mary's a Landan, ya dawo ya tarar fumfuna ta kama ɗaya ta kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita, daga nan aka sami fenisilin. Ni na daina fakewa da wannan labarin. Sai da Howard Florey da Ernst Chain da tawagarsu a Oxford suka yi aikin haƙuri, na awo da tacewa da rubuta komai, kafin abin ya zama maganin da ake yi wa mutum allura, shi ya sa su ukun suka raba kyautar Nobel a 1945. Ga kuma wasu yara kimanin 1,500 da wani masani, Lewis Terman, ya fara bibiyar rayuwarsu a Kalifoniya a 1921. Da Howard Friedman ya koma kan bayanansu bayan shekaru da dama, ya ga waɗanda iyaye da malamai suka shaida da tsari da taka-tsantsan tun suna yara sun fi tsawon rai a jimlace. Wannan ba labari ne mai daɗi ga irina ba, amma haka yake.

Abin mamakin shi ne a wurin aiki ba wanda ya san ni da sakaci. In na buɗe na'urar da ke taimaka wa jariri numfashi, ko wadda ke auna bugun zuciya, kowane sukuru sai ya koma raminsa, kowane awo sai na rubuta shi a littafin aiki da kwanan wata, kuma ba na sa hannu a takardar da ban gwada abin da ke cikinta da kaina ba. Abokan aikina sukan yi mini tsiya su ce teburinka kamar an yi yaƙi, cikin injinka kamar ɗakin tiyata. Na daɗe ina ganin wannan saɓani ne, har aka kai mu wani horo aka ba mu takardar gwajin hali muka cika. A nan na fara jin labarin manyan halaye biyar da masana halayyar ɗan Adam suke auna mutum da su: buɗe kai ga sabon abu, tsari da riƙon aiki, son shiga jama'a, sauƙin mu'amala, da saurin shiga damuwa. Abin da ya kama ni shi ne, Paul Costa da Robert McCrae a gwajinsu na 1992 sun rarraba na biyun gida shida: jin cewa ka iya, son tsari, riƙon amana, neman ɗaukaka a aiki, horon kai, da tunani kafin aiki. Mutum yana iya yin sama a wani gida ya yi ƙasa a wani. Ni a son tsari da neman ɗaukaka ina can ƙasa. A riƙon amana ina sama. Duk lokacin da ran wani ko haƙƙin wani ya rataya a kan abu, sai in zama wani mutum. In kuwa maganar yadda abu zai yi kyau a ido ne, ko wa ya fi wa, sai in koma yaron nan mai safa ƙafa ɗaya.

Na so a ce Inna tana raye lokacin da na karanta binciken tagwaye. Thomas Bouchard ya fara nasa a jami'ar Minnesota a 1979, yana nemo tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna jarirai aka rene su a gidaje daban-daban, ya tarar halayensu suna kusa da juna ƙwarai. Irin waɗannan binciken in aka haɗa su suna nuna cewa kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin mutane daga gado yake, kuma tashi a gida ɗaya ba ya sa 'yan'uwa su zama iri ɗaya kamar yadda iyaye suke zato. Baiwar Allah ta tafi tana ganin ita ce ta gaza. Tarbiyyar da ta ba Yaya ita ta ba ni, ba ta rage mini komai ba, kuma riƙon amanar da nake ci da shi yau a hannunta na gan shi.

Ana cewa hali zanen dutse. Ni na ga yana gogewa kaɗan. Brent Roberts da abokan aikinsa sun nuna a 2006 cewa yawancin mutane suna ƙara tsari da natsuwa yayin da shekaru suke tafiya, musamman bayan an shiga aiki da iyali. Aure ne ya goge nawa. Allah ya haɗa ni da mace irin Yaya, wadda in ta ga takalmi a tsakiyar falo ba za ta iya sauraron maganarka ba sai an ɗauke. Shekarar farko mun sha rigima, ita tana ganin ban damu da ita ba, ni ina ganin tana neman magana a kan abin da bai kai ya kawo ba. Daga baya muka yi yarjejeniya. Tebur ɗaya da durowa ɗaya nawa ne, ba ta taɓawa ko da tsintsiya. Sauran gidan dokarta ake bi. Yanzu ina rataye mukulli a ƙusarsa, ina mayar da littafi inda na ɗauko, ina ɗauke takalmi. Har yau ba don kayan suna damuna ba ne. Na dai mayar da abin haƙƙinta a kaina, shi ya sa yake yiwuwa.

Sai Allah ya ba mu 'ya wadda ba ta ɗauko ni a komai ba. Tun tana aji biyu take jera fensirinta bisa tsawo. Ranar da ta fara zuwa ta biyu bayan ta saba da ta ɗaya, ta shigo gida ido jajir, ta shige ɗaki ta rufe. Na bi ta na zauna a bakin gado na ce, "Haba 'yar Baba, ta biyu ai ƙoƙari ne, ba komai." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baba, kai komai ma ba komai ne a wurinka." Ta juya ta ci gaba da kukanta. Na zauna ban da abin faɗa, don duk wata magana da nake da ita daga inda ba a jin wannan zafin take fitowa. Washegari na kai ta gidan baffanta. Yaya bai ce mata ba komai ba. Ya ce ta kawo takardun, ya sa tabarau, ya bi tambaya ɗaya bayan ɗaya yana cewa nan aka ƙwace miki biyu, nan ke kika yi garaje. Suka zana jadawalin karatu tare. Ta fito tana dariya.

Shi kuma Yaya, ɗansa na biyu ni ne sak. Yaron in ya zo gidana kai tsaye teburina yake nufa, ya ɗauki filaya da sukudireba ya manta da kowa. Da jarrabawar shiga jami'a ta matso, Yaya ya kira ni murya a sanyaye ya ce, "Don Allah ka yi wa ɗanka magana, ni na gaji." Ban ce wa yaron ya ji kishin abokansa ba, don na san ba zai ji ba. Na tambaye shi me yake son karantawa, ya ce injiniyan lantarki. Muka duba makin da ake nema, na rubuta masa lambar a takarda na manna a bangon da yake aiki. Na ce, "Ba wanda ya ce ka yi na ɗaya. Wannan lambar kawai ake so a wurinka, kuma in ka rasa ta, irin injinan da kake son buɗewa wasu ne za su riƙa gaya maka yadda za ka taɓa su. Ni na san wannan." Ya dubi lambar, ya ce shi ke nan, Baffa.

Ranar da sakamako ya fito Yaya ne ya duba, tun da asuba. Ya bugo mini waya yana haki, ya ce yaron ya haura lambar da ɗan kaɗan. Na ce alhamdu lillahi, shi ya sani? Ya ce, "Ina fa! Na gaya masa, ya ce to, ya tambaye ni ko na ga inda ya ajiye ƙaramar filayarsa. Yana can ya kwance mini fankar ɗaki."